Zauren Mai Hoto: Zugazugin Kyamara, Ƙwaron Wake da Tsofaffin Nagatif

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, ɗaukar hoton abin da ya yi wa ido ƙanƙanta. Na zaɓi biyar, na kuma rage wa wasu tsawo saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibin aikin gona ne a Samaru, Zariya, ina bincike a kan ƙwaron da ke cinye wake a buhu. Malamina yana son hotunan da za su nuna bambancin mace da namiji, da ƙwan da suke liƙawa a jikin waken. Kyamarata Nikon D5300 ce, da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55. Wani abokina ya ara mini zugazugin kyamara, Nikon PB-6, wanda 'yan kasuwa ke ce wa belos. Da na ɗaura sai kyamarar ta ce babu lens, allon ya yi duhu, hoton da na samu da ƙyar kuma dishi-dishi. Zugazugin ne ya lalace ko ni ne ban iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Zugazugin lafiyarsa ƙalau. Abokin nan naka kuwa ka riƙe shi hannu bibbiyu, don Nikon ta daina ƙera PB-6, sai dai na hannu, kuma ba kowa ke sakin nasa aro ba.

Leƙa cikinsa ka gani. Ba gilashi, ba waya, ba komai sai duhu. Aikinsa guda ne, ya nesanta lens daga sensa, wato ɗan farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kansa. Yadda lens ya ƙara nisa da sensa, haka abin da ke gabansa ke ƙara girma a hoto, lissafin kuma bai fi ƙarfin ɗan firamare ba: raba tsawon da ka ja zugazugin da lambar milimitar da ke jikin lens ɗin. Lens na milimita 50, in ka ja milimita 50, abu zai sauka a kan sensa da ainihin girmansa. Ka ja 100, ya ninka biyu. Ka ja 150, ya ninka uku. PB-6 yana tashi daga milimita 48 ya tuƙe a 208, ka ga ke nan da lens na 50 kana da ninki ɗaya har zuwa wajen huɗu. Faɗin sensar D5300 milimita 23.5 ne, saboda haka a ninki huɗu abin da bai wuce milimita 6 ba shi zai cika hoton. Ƙwaronka milimita 3 ne ko ya ɗan ɗara, ƙwansa bai ko kai milimita 1 ba. Kai kam kana cikin 'yan tsirarun da zugazugi ya dace da su da gaske. In za ka rubuta ninkin a ƙasan hoto, kada ka dogara da lissafin baki. Ɗauki hoton rula a daidai saitin da kake, ƙirga milimitocin da suka fito, raba 23.5 da su. Malaminka zai tambaye ka, gara ka riga shi.

To, batun "babu lens". Kyamarar zamani da lens ɗinta suna magana ne ta 'yan ƙananan ƙarafan da ke bakin maɗaurinsu, shi kuwa zugazugi ya shiga tsakani ya katse hirar. Murɗa kyamarar zuwa M, wato saitin hannu, za ta yarda ta ɗauka, sai dai ba za ta auna maka haske ba. Kai ne za ka gwada, ka duba allo, ka gyara. Shi kuma 18-55 ba shi da zoben da ake saita ƙofar haske da hannu, don haka a kan zugazugi ba ka da yadda za ka tsayar da ƙofar a lambar da kake so, galibi sai ta tsuke har ƙarshe. Ajiye shi. Nemi tsohon lens mai zobe, irin 50mm f/1.8D ko waɗanda suka girme shi na zamanin fim.

In ka same shi, juya shi baya ta zama gaba. Akwai zobe na musamman don haka, BR-2A, mai shiga bakin milimita 52. Dalilin juyin shi ne an ƙera lens ne bisa cewa abin ɗauka yana nesa, sensa tana kusa. Da ka haura ninki ɗaya al'amarin ya kife, ƙwaro ne kusa, sensa ce nesa, sai kai ma ka kife lens ɗin ya koma yanayin da ya saba. Gefunan hoto za su fi fitowa, za ka kuma sami tazarar santimita 5 zuwa 6 tsakanin lens da ƙwaro, wadda ta nan ne haske zai shiga.

Duhun da ya rage bayan wannan kuma ba mai cire maka shi, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hasken da a da yake taruwa a ɗan wuri yanzu ya bazu a fili mai faɗi. Ƙara ɗaya a kan ninkin, ka ninka abin da ka samu da kansa, shi ne yawan hasken da ake bin ka. A ninki ɗaya sau 4 ne, a biyu sau 9, a uku sau 16, a huɗu sau 25. Hoton da za ka ɗauka a 1/125 na daƙiƙa ba tare da zugazugi ba, a ninki uku sai ka sauko wajen 1/8.

Nan ne yawancin masu koyo ke faɗawa rami. Suna ganin dishi-dishi sai su tsuke ƙofa zuwa f/16 ko f/22 (yadda lambar ta ƙaru, haka ƙofar ke ƙanƙancewa), don an koya musu cewa ƙaramar ƙofa ita ke fito da komai sarai. A hoton biki haka ne. A kan zugazugi lambar da ke jikin lens ba ita sensa ke gani ba. A ninki uku, f/5.6 ta zama f/22, f/16 kuwa ta zama f/64. Haske in ya ratsa ƙofa ƙarama haka sai ya fantsama ta gefunanta, hoton duka ya yi laushi, ba inda ya fito. Tsaya tsakanin f/4 da f/5.6, kada ka wuce.

Amma a nan ɗin abin da zai fito sarai bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kaurin takardar littafi guda. In idon ƙwaron ya fito, bayansa bai fito ba. Kai kuwa bayan kake nema, tunda farantin ƙarshen cikin macen ya fi na namijin girma da duhu, da farin layi a tsakiya. Mafita ita ce ka ɗauki hotuna da yawa, 20 zuwa 30, kana matsowa kaɗan-kaɗan daga abin da ya fi kusa da lens har zuwa mafi nisa, sannan kwamfuta ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta haɗa su hoto guda. Helicon Focus da Zerene Stacker su aka fi amfani da su, na kuɗi ne. Picolay kyauta ce. PB-6 yana da mamurɗi a ƙasa mai tafiyar da kyamara da lens gaba ɗaya, amma matsin da bai kai kaurin takarda ba yana da wuya da shi, sai mai sanyin hannu. Tunda kana da ɗakin gwaje-gwaje a kusa, roƙi tsohon maikiroskof da aka jingine, ka ɗora ƙwaron a farantinsa, kyamara tana kallonsa daga sama, ka riƙa ɗaga shi da ƙaramin mamurɗin nan na gefe. Ban san abin da ya fi wannan arha da daidaito ba.

Ƙwaron dole ya zama matacce. Kwana ɗaya a firiza ya isa in wuta ta yi mutunci. Bar shi ya sha iska raɓar jikinsa ta bushe, share shi da lallausan burushi, don garin wake guda a bayansa zai fito kamar an ɗora masa kaya, sannan ka liƙa shi da ɗigon gam a bakin allura.

Saura motsi, wanda shi ne nake zargi da mafi yawan dishi-dishinka. Zugazugi yana ninka girgiza yadda yake ninka ƙwaro. Kashe fanka. In janareta yana ruri a bayan tagar, jira. Teburin roba da siririyar mai ƙafa uku duk ba su yi ba, ɗaure komai da noti a jikin katako mai nauyi, a kan daɓen siminti. Kada yatsanka ya taɓa kyamara lokacin ɗauka, yi amfani da rimot ko agogon jinkiri, ka kuma kunna saitin nan na D5300 mai ɗaga madubi ya ɗan dakata kafin ya ɗauka. Mafi alheri dai filash ne, a saitin hannu, ka rage masa ƙarfi, shata a 1/200. Walƙiyarsa ta fi kowace girgiza sauri. Yanke gindin farin kofin takarda ka kifa shi kewaye da ƙwaron, filash ya daki kofin daga waje, in ba haka ba fuka-fukan za su yi ta ƙyalli su ɓoye maka zanen da kake nema.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da gwal a Kano, yawancin cinikina ta WhatsApp da Instagram. Ina son hoton zobe da 'yan kunne ya fito har da tambarin da ke ciki. Ɗana yana da Canon 700D, ya ce in sayo masa zugazugi. In saya?

AMSA: Hajiya, kada ki saya. Yaron yana son abin wasa ne da kuɗinki. Zobe faɗinsa wajen santimita 2 ne, sensar kyamararsa kuma milimita 22.3, kin ga ko ninki ɗaya ba ku buƙata. Zugazugi kuwa da lens na 50 daga wajen ninki ɗaya yake farawa, ya yi muku yawa tun kafin a ja shi. Ga shi lens ɗin Canon na EF da lantarki ake buɗe ƙofarsa, zugazugi mara waya zai bar ta a wangale.

Abin da zai yi muku shi ne zobban ƙara tazara masu waya a ciki, irin na Kenko da ke zuwa uku, milimita 12 da 20 da 36. Ya ɗaura na 20 a bayan 18-55 ɗinsa, ya ja zuwa 55, abin da ya kai wajen santimita 3 zai cika hoton, tambarin ingancin gwal, 750 ko 875 ko 916 ɗin da ke cikin zoben, zai karantu. In ciniki ya yi albarka, a sayi lens na makro, wanda aka ƙera don ɗaukar abu daga kusa, Tamron 90mm ko Canon 100mm, an huta.

Damuwarki ta gaskiya ma ba girma ba ce, ƙyalli ne. Gwal madubi ne, duk abin da ke ɗakin yana nunawa a jikinsa, har da rigar mai ɗauka. A sami kwali, a yanke gefe biyu da sama, a lulluɓe da farin yadi, a ajiye kusa da taga inda rana ba ta faɗowa kai tsaye. Kuma a saita launi da farar takarda kafin a fara, kada gwal mai karat 18 ya fito da kalar mai 22 mai saye ya zo yana rigima.

TAMBAYA: Barka da aiki. Daga Maraɗi nake rubutowa. Na sayi tsohon zugazugi na hannu, mai baki M42, wato mai murɗi na milimita 42, ina aiki da shi da adafta. Kowane hoto sai in ga wani fari-fari kamar hazo a tsakiya, ga kuma baƙaƙen ɗigo da ba sa barin wuri ɗaya. Da na cire shi na mayar da lens ɗina na kullum, ba na ganin ko ɗaya.

AMSA: Ƙanena, ciwo biyu ne, kowanne da maganinsa.

Ɗigon ƙura ce a kan sensa, kuma tana nan ko da lens ɗinka na kullum, ba ka dai ganinta ne a f/4 ko f/5.6. Kamar yadda na gaya wa ɗalibin Samaru, a kan zugazugi ƙofar da sensa ke gani takan kai f/22 ko f/45, a nan kuwa kowace ƙwayar ƙura sai ta yi inuwa mai kaifi. Ƙari a kan haka, duk ja da turawa da ka yi, zugazugin yana shaƙar iskar ɗakin ya fesa ta cikin kyamara. A hunturun Maraɗi ka san abin da ke cikin iskar nan. Cire shi, buɗe shi har ƙarshe, kifa bakinsa ƙasa, ka hure kalmasarsa ɗaya bayan ɗaya da robar hura iska. Ba da baki ba, yawu ya fi ƙura ɓarna. Haka za ka yi wa sensa, kyamara tana kallon ƙasa. Nan gaba ka ja shi zuwa tsawon da kake so kafin ka ɗaura kyamarar, kuma a hankali.

Hazon tsakiya haske ne da ya shigo ta inda bai kamata ba. Shiga ɗaki mai duhu, ja zugazugin, sa tocila a ciki, ka bi kusurwoyin kalmasar da ido. Nan ne yake fara hujewa, musamman wanda ya sha zafi ya bushe. Ƙaramar huda baƙin fentin yadi yana toshe ta, ka bar shi a buɗe ya bushe sarai kafin ka naɗe. In ba ka ga huda ba, duba cikin adaftar. Masu arha da yawa cikinsu na sheƙi, haske ya daki ƙarfen ya koma kan sensa. Liƙa baƙin karan-miski a ciki. In kuma lens ɗin a juye yake, gilashin bayansa yana waje tsirara, naɗa masa ɗan bututu na baƙar takarda ya yi masa rumfa.

Kada ka bar shi a mota da bazara. Da damina kuma a akwatin da iska ba ta shiga, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima, don fumfuna na son kalmasa.

TAMBAYA: Ni malamin gona ne a Saminaka. Ina son ɗaukar tsutsar da ke cin masara a gona don nuna wa manoma. Zugazugi zai yi?

AMSA: Malam, ba zai yi ba. Iska na kaɗa ganye, tsutsa na tafiya, kai kana tsugune a kunya da kaya mai nauyi. Wannan tsutsar da ta ɓulla a Najeriya a 2016, in ta ƙosa takan kai santimita 3 zuwa 4, wayar hannunka ma ta isa. Abu biyu manomi ke buƙatar gani, alamar Y a kife a goshinta, da baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi murabba'i kusa da wutsiya. In kana da kyamara kuma kana son ƙananan da ƙwai su fito, Raynox DCR-250 gilashi ne da ake maƙalawa a gaban lens, yana shiga aljihu. Fita da sassafe kafin iska ta tashi.

TAMBAYA: Baba, mahaifinmu mai hoto ne a Katsina tun zamanin fim, ya rasu bara. A shagonsa mun sami injin faɗaɗa hoto da lens biyu, ɗaya an rubuta EL-Nikkor 50mm f/2.8, ɗayan Componon-S 80mm f/4, da kwalaye cike da nagatif na bukukuwa da hawan sallah. Yayyena sun ce a sayar wa 'yan gwangwan. Ina da Nikon D7100. Akwai abin da zan iya yi da su?

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. 'Yata, ki ce da yayyenki su dakata. Mahaifinku ya san kaya. Na farkon na Nikon ne, na biyun na kamfanin Schneider na Jamus, kuma masu ɗaukar ƙananan abubuwa har yau nemansu suke yi. An ƙera su ne don su ɗauko abu shimfiɗaɗɗe daga kusa, kusurwa zuwa kusurwa ba lanƙwasa. Ba su da mamurɗin saiti ko kaɗan, don a jikin injin ma zugazugi ne ke matsar da su. Ki ɗaga su a hasken tocila tukuna, in ba ki ga zare-zaren fumfuna ko hazo a ciki ba, kin tsinci dami a kala.

Bakinsu mai murɗi ne na milimita 39. Ki nemi tsohon zugazugi mai nauyi, na Nikon ko na M42 irin na Pentax, da zoben da zai haɗa 39 da bakinsa. Novoflex ta Jamus tana ƙera sababbi masu kyau, sai dai tsada. Sababbin nan marasa suna kuwa, da yawansu kan lens yana rawa ko an ɗaure, araha ba ta ado. In M42 kika samu, adaftar da za ta haɗa shi da Nikon ta zama mara gilashi. Mai gilashin an yi ta ne don hango nesa, a nan ɓata hoto kawai za ta yi.

Don kwafar nagatif, na 80 za ki ɗaura, ba na 50 ba. Nagatif na fim ɗin 35mm girmansa milimita 36 ne a 24, ya fi sensarki girma, don haka rage shi za ki yi zuwa wajen kashi biyu cikin uku. Na 50 yana buƙatar ya matso kusa da kyamara fiye da yadda zugazugi ke iya tsukewa, sai ki ga ya yanke wa mahaya kai. Na 80 yana ba ki sarari. Na 50 ki ajiye shi don abin da ya fi ƙanƙanta. In akwai manyan nagatif na santimita 6×6, ɗauki kowanne gida biyu ko huɗu ki haɗa a kwamfuta, hoton zai fi na ɗauka guda fitowa.

Sandar injin nan ma kada a sayar, ita ce za ta riƙe miki kyamara tana kallon ƙasa. Sa farar fitilar LED mai shimfiɗa a ƙasa, ɗaga nagatif ɗin ya ɗan rabu da ita a cikin maƙalin da ke jikin injin. Kafin ki fara, ajiye ƙaramin madubi a inda nagatif zai zauna, ki gyara kyamara har sai kin ga lens yana kallon kansa a tsakiyar allo daidai, shi ke nuna ba ta karkace ba. Ƙofa f/8, ISO (saitin yadda sensa ke jin haske) mafi ƙasa, a ajiye hoton a RAW, wato ɗanye, fitilun ɗaki a kashe. Baƙi-da-fari juya shi a kwamfuta ba wuya. Mai launi yana da wani ja-ja na ruwan lemo a jikinsa da sai an cire, manhajar darktable kyauta ce kuma tana da sashe don wannan aikin.

Ki riƙe su ta gefe, kada ki wanke, kada ki goge da tsumma. Ki buɗe kwalayen ɗaya-ɗaya ki sansana. Wanda kika ji yana tsami irin na binega, fim ɗin ya fara ruɓewa ne saboda zafi da laima, ba ya kuma komawa baya, yana ma harbin na kusa da shi. Ware irinsu a kwali dabam, nesa da sauran, kuma su za ki fara ɗauka.